Abin da ƙa'idar WCAG ke nema a bidiyo domin kurame da makafi

Yawancin masu ɗora bidiyo a intanet suna ɗauka cewa duk mai kallo yana gani kuma yana ji. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kimanin mutum miliyan 430 ne ke da matsalar ji mai tsanani, aƙalla biliyan 2.2 kuma suna da raunin gani iri-iri. Saboda irin waɗannan mutane ne ƙungiyar W3C, mai tsara ma'aunan yanar gizo, ta fitar da ƙa'idojin da ake kira WCAG. Siga ta 2.0 ta fito a 2008, ta 2.1 a 2018, sai ta 2.2 a 2023.

WCAG a karan kanta ma'auni ce, ƙasashe ne ke ɗaukarta su mayar da ita tilas. A watan Afrilun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta wajabta wa gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi bin siga ta 2.1. Tarayyar Turai ta yi dokar shafukan hukumomin gwamnati a 2016, sannan wata ta 2019 da ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025 ta haɗa da bankuna da masu sayar da kaya ta intanet. Matakan ƙa'idar uku ne: A, AA da AAA, daga mafi sauƙi zuwa mafi tsauri, kuma na tsakiyan ne dokoki suka fi nema.

Ga kurma, wajibi na farko shi ne rubutun ƙasan bidiyo, kuma tun a matakin A ake nemansa ga duk bidiyon da aka riga aka naɗa. Amma rubuta kalmomin da aka faɗa kaɗai bai isa ba. A ce mutum biyu suna hira, aka ƙwanƙwasa ƙofa, ɗaya ya yi tsit ya waiwaya. Mai ji ya san dalili. Kurma kuwa, in ba a rubuta masa "ana ƙwanƙwasa ƙofa" ba, sai dai ya ga mutum ya firgita haka kawai. Shi ya sa rubutun ke nuna wanda yake magana, da duk wata ƙara mai ma'ana, kuma dole ya zo daidai lokacin da aka yi maganar. Rubutun da na'ura ke yi da kanta, irin na YouTube, mafari ne mai kyau, sai dai yakan rikita sunaye da lambobi, don haka sai mutum ya bi ya gyara. A matakin AA har shirin da ake yaɗawa kai tsaye sai an yi masa rubutu.

Fassara da maganar hannu an ajiye ta a matakin AAA, wanda ba kasafai doka ke tilasta shi ba. Ni ina ganin wannan gibi ne, domin da yawa daga waɗanda aka haifa kurame maganar hannu ce harshensu na farko, rubutu na biyu ne.

Ɓangaren makafi shi aka fi mantawa da shi, shi ne kuma ya fi damuna. Malami yana koyar da amfani da wata manhaja, yana cewa "ku danna nan, sai ku zo nan". Makaho ya ji kowace kalma, bai tsinci komai ba. Haka nan sanarwar da ke ƙarewa da lambar waya a rubuce a allo, kiɗa na tashi, ba wanda ya karanta ta. Matakin AA ya nemi a ƙara wata murya da ke bayyana abin da ake nunawa a gurbin da masu magana suka yi shiru: wa ya shigo, me aka rubuta, me ya canza. A matakin A ana iya wadatuwa da cikakken bayani a rubuce, wanda manhajar karanta allo za ta karanta wa makaho da murya.

Akwai sauƙin da mutane ba su cika sani ba. Idan duk abin da ido ke buƙata ya riga ya fito a magana, ƙa'idar ba ta neman ƙarin murya. Malamin nan da ya ce "ku danna jan maɓallin da ke sama ta dama, mai ɗauke da kalmar aika", ya sauke nauyin tun wajen naɗa, ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Sai kuma akwatin da ke kunna bidiyon. Makaho ba ya amfani da linzamin kwamfuta, don haka dole kunnawa, tsayarwa da rage ƙara su yiwu da madannai kaɗai, kowane maɓalli kuma da sunan da manhaja za ta iya faɗa. Sautin da ke tashi da kansa ya wuce daƙiƙa 3 sai an ba da hanyar tsayar da shi ko rage shi, saboda yana danne muryar manhajar da makahon ke saurare. Haske mai walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa guda shi ma an taƙaita shi, domin yana iya tayar wa masu farfaɗiya ciwonsu.