Wa Ya Faɗa, Wa Ya Ji? Tambayoyi da Amsoshi Kan Magana a Ɗakin Gaggawa

Idan aka shigo da mutum asibiti rai a hannun Allah, ba mutum ɗaya ke tsayawa a kansa ba. Likita, nas, ungozoma, mai sa barci, mai gwajin jini, mai ba da magani, kowa da fanninsa, kuma sau da yawa ranar suka fara aiki tare. Abin da ke haɗa su shi ne magana, kuma a nan ne ake yawan samun giɓin da ke cin rai.

Tunda kowa ya ƙware a aikinsa, me ya sa magana za ta zama abin damuwa?

Saboda babu wanda yake riƙe da labarin majinyaci gaba ɗaya. A ce an kawo wanda ya yi haɗarin mota. Jami'in kiyaye haɗurra ne ya san tun yaushe yake kwance a titi. Nas ce ta ga awon jininsa yana sauka. Ƙaninsa da ke tsaye a waje shi ya san yana shan maganin da ke tsinka jini. Likitan da zai yanke shawarar shiga tiyata yana buƙatar duka ukun, kuma ba zai same su ba sai an faɗa masa, ya kuma ji.

Labarin Elaine Bromiley ya nuna wannan ƙarara. A watan Maris na 2005, a Ingila, matar mai shekara 37 ta shiga tiyata ƙarama ta hanci. Bayan an sa ta barci sai hanyar numfashinta ta toshe. Manyan likitoci uku, biyu masu sa barci da ɗaya na kunne da hanci da maƙogwaro, suka duƙufa wajen zura mata bututun numfashi, suna ta maimaitawa, iskar jininta tana ƙasa sosai har fiye da minti 20. Wata nas ta ɗauko kayan huda maƙoshi ta ce ga su nan, babu wanda ya tanka mata. Wata kuma ta kira ɗakin kulawa ta musamman ta nemi gado, da ta dawo ta faɗa sai ta ga alamar ana ganin ta zaƙe, ta je ta soke. Elaine ta rasu bayan kwana 13 sakamakon lahanin da ƙwaƙwalwarta ta samu. Ilimi yana ɗakin, kayan aiki suna ɗakin, amsar ma an kawo ta har gaban likitoci. Abin da ya rage kawai a ji ta.

Ana yawan cewa asibiti ya koyi wannan daga matuƙa jirgin sama. Me ya haɗa su?

Mijin Elaine, Martin Bromiley, matuƙin jirgi ne, kuma da ya karanta rahoton binciken sai ya ga abin da masu sana'arsa suka daɗe da sani. A 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a filin jirgin Tenerife, wani tsibiri na ƙasar Sifen, mutum 583 suka mutu. Injiniyan jirgin da ke shirin tashi ya tambayi kyaftin ko ɗayan jirgin ya bar titin tashi, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, aka ci gaba. Daga irin wannan ne kamfanonin jirage suka fara horar da ma'aikata yadda na ƙasa zai yi magana da yadda na sama zai saurara. Martin ya kafa ƙungiya a 2007 domin kai wannan darasi asibitoci.

To yaya ake ba da umarni ta yadda ba zai faɗi ƙasa ba?

Mu masu jin Hausa muna da wata ƙaramar kalma da ke da haɗari a ɗakin gaggawa, wato "a". "A sa masa ruwa." "A kira ɗakin jini." "A kawo adirenalin." Magana ce ta ladabi, ba ta nuna kowa da yatsa, shi ya sa muke son ta. Amma a ɗakin da mutum shida ke kai da komo, kowa zai ɗauka da wani ake, minti uku su wuce babu wanda ya ɗaga waya. Ko kuma mutum biyu su yi aikin, a yi wa majinyaci allura sau biyu.

Gyaran yana da sauƙi. Mai ba da umarni ya kira suna, ya dubi mutumin, ya faɗi magani da adadi: "Sista wance, adirenalin miligiram 1 ta jijiya." Ita kuma ta maimaita: "Adirenalin miligiram 1 ta jijiya." Idan ta yi, ta ɗaga murya: "Adirenalin miligiram 1 ya shiga, ƙarfe biyu da minti goma." Maimaitawar ce ke kama kuskure, domin idan ta ji 10 a maimakon 1, tun kafin allura ta taɓa jiki za a gyara. Faɗin lokacin kuma yana da amfani, tunda idan zuciya ta tsaya ana sake wannan allura ne duk bayan minti 3 zuwa 5. Na san akwai waɗanda ke ganin wannan kamar wasan yara ne, ko kamar ana raina ƙwarewarsu. Ni dai ban taɓa ganin dalilin da ya kai a bar shi ba: daƙiƙa biyu yake ci.

Wa ya kamata ya jagoranci ɗakin?

Mutum ɗaya, kuma kowa ya san shi ne. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A inda ma'aikata suka wadata, jagora yana tsayawa ta wajen ƙafafun gado, ba ya sa hannu, domin wanda ya sunkuya yana neman jijiya ba ya ganin agogo. Shi ke tuna cewa mai danna ƙirji ya kai minti 2 a canza shi, shi ke tsayar da kowa lokaci-lokaci ya faɗi inda aka kwana: ga abin da muke zato, ga abin da muka yi, ga na gaba, akwai wanda ya ga wani abu? A ƙaramin asibiti da dare, inda daga nas sai ungozoma, babu wanda zai naɗe hannu, amma duk da haka ɗaya ya riƙa faɗin abin da ake ciki da baki. Idan babban likita ya iso, a miƙa masa jagoranci a fili, ko shi ya ce wa wanda ya tarar ya ci gaba.

Ƙaramin ma'aikaci ya ga babba zai yi kuskure. Ya zai yi, alhali an tarbiyyantar da mu a kan kunya da kara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Mun tashi a kan cewa ba a katse babba, ba a gyara masa a gaban mutane, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure da tsakar gida. A gefen gadon mai zubar da jini kuwa, shirun ladabi yana iya zama ajalin wani. Ƙari a kan haka, a Najeriya an daɗe ana takun-saƙa tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da gamayyar sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU kan albashi da shugabancin asibitoci. Wannan magana ce ta teburin sulhu, amma ɗacinta kan biyo mutane har cikin ɗakin tiyata, nas ta ce ba ruwana, likita ya ji kamar ana ƙalubalantarsa.

Tsarin horo na TeamSTEPPS, wanda aka fito da shi a Amurka a 2006, yana koyar da hawa mataki-mataki, kuma yana zama daram a bakinmu ba tare da rashin kunya ba. A fara da: "Dakta, ina da damuwa, iskar jininta ta sauka zuwa kashi 70." Idan ba a tanka ba: "Dakta, hankalina bai kwanta ba, minti biyar ke nan ba ta hau ba." Idan har yanzu shiru: "Ranka ya daɗe, ran matar nan na cikin haɗari, a dakata a duba." Ƙa'idar ita ce a faɗa aƙalla sau biyu, in ba a saurara ba a kira na gaba. A lura kowace jimla tana ɗauke da lamba. "Kamar jikin ya yi tsanani" ana iya share ta, 70 kuwa ba ta sharuwa.

Sai dai nauyin ya fi yawa a kan babba. Wanda aka taɓa yi wa tsawa a gaban majinyata saboda ya yi tambaya, gobe ko ya ga wuta ba zai ce uffan ba. Babban da ya shigo ya ce "sunana wane, duk wanda ya ga abin da ban gani ba ya faɗa mini", ya kuma ce "na gode" ko da ƙaramin ne bai fahimta ba, shi ne ya buɗe ƙofar.

Idan za a kira likita a waya cikin dare, me za a ce?

Akwai tsari mai gaɓa huɗu da ake kira SBAR, wanda ya samo asali daga sojojin ruwan Amurka, asibitocin Kaiser Permanente na can suka shigo da shi aikin lafiya a farkon shekarun 2000: halin da ake ciki, tarihi, abin da nake zato, abin da nake so. "Dakta, zo ka ga wata mata, ba ta jin daɗi" ba ya tayar da mai barci. Kwatanta da wannan: "Dakta, ungozoma ce daga ɗakin haihuwa. Mai gado na uku tana zubar da jini, ya kai mililita 700. Haihuwarta ta bakwai, ta sauka minti 40 da suka wuce, mabiyiya ta fita. Awon jini 85 bisa 50, bugun zuciya 124, mahaifa ta saki. Na murza ta, na yi allurar oksitosin mai matse mahaifa, ruwa yana tafiya. Ina so ka zo yanzu, kuma zan aika a haɗa jini."

Akwai shaidar cewa waɗannan abubuwa suna ceton rai?

Akwai, da sharaɗi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantancewa ta tiyata mai tambaya 19, cikinsu har da cewa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a yanka. Da aka gwada ta a asibitoci takwas, daga Landan har Ifakara ta Tanzaniya, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Amma da lardin Ontariyo na Kanada ya tilasta ta, binciken da aka buga a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani canji na a-zo-a-gani ba. Abin da na fahimta shi ne, cike takarda daban, tsayawa a yi magana daban.

Na kusa da mu shi ne binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda aka yi a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano tana cikin jagororinsa. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni da ke tara jinin, idan ya kai layi sai a yi matakan ceto gaba ɗaya a lokaci guda, har da kiran na gaba. Munanan sakamakon zubar jini sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Ledar ta raba gardama: maimakon "ta ɗan zubar", kowa a ɗakin yana kallon lamba ɗaya.

Mu 'yan'uwan majinyaci fa, mene ne namu?

Ku wakilta mutum ɗaya da ya fi sanin majinyacin, sauran su ba da wuri. Ya faɗi lokacin da abin ya fara, cututtukan da yake da su kamar hawan jini, suga ko sikila, maganin da jikinsa ba ya karɓa, da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe, domin mai sa barci yana buƙatar wannan. Idan an ba shi jiƙo, ko an yi masa allura a kemis, ko mai naƙuda ta kwana biyu a gida kafin a taho, a faɗa ko da ana tsoron faɗa. Kwalayen magungunan da yake sha a zuba su a leda a taho da su. Idan kuma likita ya yi bayani da Turanci ba ku gane ba, ku ce a maimaita da Hausa, sannan ku mayar masa da abin da kuka ji kafin ku sa hannu a takardar tiyata.