Mariƙin roba na ƙaramar libarba: tambayoyinku da abin da na sani

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun ranar Asabar ɗin nan da muka je filin koyon harbi a nan Houston ta jihar Texas mu huɗu, wasu suka riƙe libarbata suka ji mariƙinta ba irin na tasu ba ne, tambayoyi suke ta shigo min, wasu ta waya wasu in mun haɗu bayan sallah, shi ne na ce bari in haɗa su wuri ɗaya. Amma kafin komai, maganar nan ta mazauna Amurka ce waɗanda doka ta yarje musu. A Texas tun 1 ga Satumba 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma babu abin da ya haramta masa zai iya ɗaukar ƙaramar bindiga a jikinsa ko ba lasisi, amma New York da Kalifoniya labarinsu daban ne, sannan mai bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi in ban da wasu ƴan keɓantattun dalilai. Na gida Najeriya kuwa, libarba da fistol suna cikin makaman da doka ta haramta sai da izinin shugaban ƙasa, don haka ku karanta don ƙarin sani kawai.

Tambaya: Malam, me zai sa mutum ya cire mariƙin da ya zo da bindiga daga kamfani?

Amsa: Saboda tokari. Ƙananan libarba ɗin da ake yi don ɓoyewa a jiki, irin su Smith & Wesson 642 da 442 ko Ruger LCR, nauyinsu bai kai rabin kilo ba, suna cin harsashi biyar na .38 Special, to duk abin da ba shi da nauyi in ya tashi sai ya tokare ka da ƙarfi don babu abin da zai shanye bugun sai tafin hannunka. Mariƙin da suke zuwa da shi gajere ne, an yi shi ne don ya ɓuya. Ka yi harbi sha biyar ko ashirin za ka fara jin zafi a tsakanin babban yatsa da manuniya, wani kuma ƙarfen da ya kewaye kunama ne zai dinga dukan gaɓar yatsansa na tsakiya har ya yi ja. Kuma abin da ya fi damuna ba zafin ba ne, abin da zafin ke jawowa ne, mutum zai fara runtse ido yana dannan hannu ƙasa tun kafin harsashi ya fita, daga nan sai ya daina zuwa filin harbin gaba ɗaya, sai ya zama yana yawo da makamin da bai iya saitawa ba, kuma wallahi wannan haɗari ne ga shi kansa da duk wanda ke kusa da shi.

Tambaya: To roba ta fi katako kenan?

Amsa: Wajen harbi eh, yawanci. Roba tana kama hannu ko da gumi, tana rage raɗaɗin bugu, ga araha, da dala talatin ko arba'in ka samu mai kyau. Amma abin da ya sa take kama hannu shi ne dai ya sa take kama riga. Na taɓa saka wani mai laushi sosai, na shiga shago na miƙa hannu sama zan ɗauko buhun shinkafa, da na sauke hannu sai rigar ta maƙale a saman mariƙin ta ƙi saukowa, ni ban sani ba sai da abokin tafiyata ya taɓo ni ya ja min ita. Katako mai santsi ko irin wanda ake kira G10 ba ya haka, riga zamewa take a kai. Kuma roba kala-kala ce, akwai mai danƙo-danƙo akwai mai tauri wadda ta fi kusa da filastik, in ɓoyewa ce damuwarka mai taurin za ka nema.

Tambaya: Yaya, ni ƙaramin yatsana ba ya samun wuri, a ƙasa yake rataye. In sayi dogo?

Amsa: A nan ne duk rigimar take, kuma ba zan ce maka eh kai tsaye ba sai na ji ina kake saka ta. Abin da ke tona asirin bindiga a ƙarƙashin kaya mariƙi ne, bakinta yana cikin wando ba wanda ke gani, gindin mariƙin ne yake turo riga waje. Ka ƙara masa tsawon da bai wuce faɗin yatsa ɗaya ba amma a jiki sai ka ga kamar ka ɗaura wani abu. In a aljihu kake sakawa, cikin kubenta na aljihu, to gajeren nan mai ɗaukar yatsu biyu shi ne naka, irin Bantam na kamfanin Hogue ko wanda ya zo da ita, ka koyi naɗe ƙaramin yatsan a ƙarƙashin gindi, ana sabawa. Dogo a aljihun jins yana leƙowa waje, kuma in ka dunƙule hannu a kansa hannun ma ba zai fito da sauri ba. Masu saka kaftan ranar Juma'a ku lura da wannan sosai, yadin shadda ba ya ɓoye siffar abu mai nauyi a aljihun gefe, kuma in an manna alamar hana shiga da makami a ƙofar masallaci a bi, a bar ta a kulle.

In kuwa a ƙugu kake ɗaurawa da bel mai ƙarfi da riga mai ɗan faɗi, to ka samu sarari, ka ɗauki mai yatsu uku irin Compac na Pachmayr ko Monogrip na Hogue. Bambancin a filin harbi ba kaɗan ba ne, bakin bindigar ba ya tashi sama sosai, harbi na biyu yana zuwa da sauri kuma a inda kake so. Ni dai shawarata ka fara yanke inda za ka ɗauke ta kullum, sannan ka sayi mariƙi mafi girma da wurin nan zai iya ɓoyewa, kar ka juya lissafin, don na ga waɗanda suka sayi dogon da ya yi musu daɗi a hannu, bayan sati biyu bindigar ta koma durowa saboda ta dame su a jiki.

Tambaya: Wasu mariƙan sun rufe ƙarfen bayan bindigar wasu sun bar shi a buɗe, meye bambancin?

Amsa: Ƙarfen bayan nan shi ne yake dukan tafin hannu kai tsaye. Wanda ya lulluɓe shi da roba, kamar Compac ko Tamer ɗin Hogue wanda Ruger LCR take zuwa da shi tun fitowarta a 2009, shi ne yake rage zafi da gaske. Wanda ya bar shi a buɗe, robar gefe ce kawai, zai kama hannu amma bugun yana nan. Sai dai lulluɓewar tana ƙara nisa tsakanin tafin hannu da kunama, kuma kunamar irin waɗannan libarba tana da tauri, jan ta yana kai kilo biyar ko fiye. Mai babban hannu wannan ƙarin alheri ne a gare shi, don a gajeren mariƙi yatsansa yana shigewa da yawa. Mai gajerun yatsu ko mace, in nisan ya yi yawa za ta karkata hannu don yatsa ya kai, sai bugun ya sauka a gaɓar babban yatsa, harbin kuma ya dinga tafiya gefe. Gwajin mai sauƙi ne, ka tabbatar babu harsashi ko ɗaya, ka riƙe ta bakinta ya miƙe daidai da ƙashin hannunka, in gaɓar farko ta manuniya ta kai kan kunama ba tare da ka murɗa hannu ba to ya yi.

Tambaya: Ya zan san zai shiga tawa?

Amsa: Ka duba sunan samfurin sosai kafin ka biya. A Smith & Wesson ƙananan su ne J-frame, asalinsu tun 1950, na K-frame ba zai shiga ba. Sannan akwai mai zagayayyen gindi akwai mai kusurwa, na yanzu kusan duk zagayayye ne amma tsofaffi akwai masu kusurwa. Ruger LCR da SP101 kuwa ginin nasu daban ne kwata-kwata, wani ɗan turke ne mariƙin yake shiga ya lulluɓe shi. Libarbar kamfanin Taurus ma tana da nata. Sakawa ba wuya, yawanci sukuru ɗaya ne, kawai ka buɗe gangar da harsasai ke shiga ka zazzage su ka kai su wani ɗakin kafin ka ɗauki sukundireba, kuma kar ka ɗaure da ƙarfin tsiya.

Tambaya: An ce wani yana hana loda harsashi da sauri?

Amsa: Gaskiya ne, in kana amfani da zagayayyen abin lodin nan mai zuba biyar lokaci ɗaya irin na HKS ko Safariland. In robar gefen hagu ta yi kauri daga sama sai ta tare shi ya ƙi daidaita da ramukan, wani lokacin ma kwankon da aka harba yana maƙalewa a wurin. Ka gwada da harsasan roba na atisaye, waɗanda ba sa tashi. Mai amfani da miƙaƙƙen zirin nan da ake jera harsasai a kai ba ruwansa da wannan matsalar.

Tambaya: Akwai wata kula da ake ba shi?

Amsa: Akwai, kuma ni sai da na gani da idona. Zafin Houston kun san shi, daga Yuni zuwa Satumba mutum jiƙe yake yini. Tsohuwar libarbar da nake da ita ta baƙin ƙarfe, na yi kusan shekara ban cire mariƙin ba, ina goge waje ina shafa mai ina ganin komai lafiya, ranar da na kwance shi sai ga tsatsa ja-ja ta bi layin da robar ta kwanta, sukurun ma ya fara ci. Gumi ne yake shiga ƙarƙashi ya rasa hanyar bushewa. Yanzu duk wata nake cirewa in goge in shafa mai kaɗan, robar kuma ruwa da sabulu kawai, don wasu magungunan wanke bindiga suna sa ta yi danƙo.

Tambaya: Mai hasken leza fa?

Amsa: Na kamfanin Crimson Trace suna da amfani ga wanda idonsa ya fara rauni, amma kuɗinsu ya ninka na roba zalla sau da yawa kuma sai ana duba batir. In kuɗin kaɗan ne gara ka zuba su a harsashin atisaye.

Tambaya: To kai wanne kake sakawa?

Amsa: Biyu gare ni. Lokacin zafi da nake saka ƙaramar riga, gajere mai ɗan tauri wanda ya rufe ƙarfen baya, yatsu biyu. Daga Nuwamba in an fara saka jaket sai in mayar da mai yatsu uku. Duk ranar da na canza, a satin nake zuwa filin harbi in ƙona akwati ɗaya na harsashi hamsin, saboda inda hannu yake zama ya canza, inda harsashi yake sauka ma yana ɗan motsawa, sai na ga ya dawo tsakiyar takarda a taku bakwai sannan nake mayar da ita ƙugu.