Nisa da tsawon lokacin tafiya ta jirgin sama tsakanin Kano da Jidda

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kilomita kusan 3,400, idan aka bi layi mafi gajarta a doron ƙasa. A ma'aunin matuƙa, mil na teku kusan 1,850 ke nan, domin kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Layin yana tashi daga Kano ya nufi gabas maso arewa, ya ratsa Chadi da arewacin Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya. Madina ta ɗan fi nisa, kusan kilomita 3,550.

Jirgin fasinja da ya daidaita a sama yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa, sai lissafi ya ba da awa huɗu. Amma ba ya yin wannan gudu wajen hawa da gangarowa, shi ya sa tafiyar kai tsaye takan kai awa huɗu da rabi zuwa biyar. Lokacin da ke jikin tikiti ma daga janye jirgi a wurin lodi yake farawa har zuwa tsayawarsa a can, da jiran layin tashi duk a ciki.

Inda matafiya suka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu duk shekara. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa huɗu da rabi, zai sauka 4:30 na asuba agogon Jidda, alhali a Kano 2:30 ne. A dawowa kuwa tikiti zai nuna kamar tafiyar awa biyu da rabi ce, nisa kuma bai ragu ba.

Iskar can sama ma tana da nata tasiri. A lokacin sanyi daga yamma take kaɗawa, ta tura jirgin da ya nufi Jidda, ta danne mai dawowa. Da damina akan samu akasin haka. Rufe sararin samaniyar Sudan da yaƙin Afrilun 2023 ya jawo kuwa ya tilasta wa jirage yin zagaye, mai ya ƙaru, lokaci ya ƙaru. Hazon hunturu a Kano, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba ya tsawaita tafiyar kanta, tashi da sauka yake jinkirtawa. Wanda ya biyo ta Alƙahira ko Adis Ababa, tsawon jiran canjin jirgi ne zai yanke masa lokacin isa.

Ga mai Hajji ko Umra da zai wuce Makka daga Jidda, gudun jirgin yana da muhimmanci ta wata fuska: kilomita 14 zuwa 15 yake shafewa kowane minti. Wanda ya bari sai an yi sanarwar miƙati sannan ya fara laluben harami a jaka, yana iya wucewa bai yi niyya ba, balle idan haramin yana cikin akwatin da aka auna. Shi ya sa ake ɗaura shi tun daga filin jirgi. Wanda ya sauka Madina ba shi da wannan matsi, miƙatinsa Zul Hulaifa ne, kuma a ƙasa zai isa wurin.