Wawan Dandali: Daga Ina Mai Jan Hanci Ya Fito?

Da wuya a samu wanda bai taɓa ganin hotonsa ba: fuska shafe da fenti fari fat, hanci jawur kamar an manna ƙwallo, burgujejen wando, da takalmin da ya ninka ƙafar mai shi tsawo. Turawan Ingila suna ce masa kilawun, kalmar da ta shiga rubutunsu a shekarun 1560 da ma'anar bagidajen mutumin karkara. A nan wawan dandali za mu kira shi, don a bambanta shi da kakansa, wawan sarki.

Wawan dandali wawa ne da gaske?

Ko kusa. Wautar tasa koyonta ya yi, kuma koyon yana cin shekaru. Mutumin da zai riƙa faɗowa daga kan tsani kullum bai karye ba, sai ya fi kowa sanin yadda ake faɗuwa. Wanda kuma zai ɓata kiɗa har a yi dariya, sai ya iya kiɗan tukuna.

A duba Grock, mutumin Suwizalan da aka haifa a 1880 ya mutu a 1959, wanda sunansa na ainihi Charles Adrien Wettach. Yakan fito da ƙaton akwati, ya buɗe, ya ciro ɗan mitsitsin goge irin na Turawa. Idan ya zauna zai kaɗa fiyano, sai ya ga kujera ta yi nisa, hannu bai kai ba. Maimakon ya ja kujerar, sai ya miƙe ya shiga tura fiyanon zuwa wajenta. Abin da ke sa ciki ya ƙulle shi ne yadda yake yi bilhaƙƙi, a ganinsa ya samo dabara. Duk wanda ya taɓa bin doguwar hanya alhali gajera na gabansa, kansa yake gani a nan. Bayan duk wannan shiririta kuma Grock yakan yi kiɗa na gaske, domin ƙwararren makaɗi ne.

Tun yaushe ake da irin waɗannan mutane?

Tun da aka fara rubuta labarin fada ake cin karo da su. A kabarin wani hakimi mai suna Harkhuf, kusa da Aswan a Masar, an sassaƙa wasiƙar da Fir'auna Pepi na Biyu ya aiko masa yana yaro, sama da shekara 4,000 da suka wuce. Yana ɗokin ganin wani wada mai rawa da aka taho da shi daga kudu, har ya ba da umarni a tsare shi kada ya faɗa ruwa, a riƙa leƙa shi sau goma cikin dare.

Amma labarin da ya fi nuna ainihin aikin daga ƙasar Sin ya fito. Masanin tarihi Sima Qian, wanda ya yi rubutu wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ware wa masu barkwancin fada babi guda. A ciki akwai You Meng, na fadar Sarki Zhuang na ƙasar Chu. Sarkin yana da wani doki da yake ji da shi, ana sa masa tufafi masu ado, ana ta ɗura masa abinci har ƙiba ta kashe shi. Sarki ya ce a binne shi kamar yadda ake binne babban bafade, kuma duk wanda ya yi musu a bakin ransa. Fada ta yi tsit. Sai ga You Meng ya shigo yana rusa kuka, yana cewa ai wannan raini ne, dokin sarki guda a yi masa binnewar bafade? A yi masa ta sarakuna, sojoji su haƙa kabari, jakadun ƙasashe su zo rakiya, don duniya ta san sarkin Chu ya fifita doki a kan mutum. Nan take jikin sarki ya yi sanyi, ya tambayi abin yi. You Meng ya ce tukunya ce akwatin gawar da ta dace da shi, cikin jama'a kuma shi ne kabarinsa. Aka miƙa dokin ga masu dafa abinci. Bai ce wa sarki ya yi kuskure ba, ya dai kama ra'ayinsa ya hura shi har ya fashe a gabansa.

Rumawa suna da wani mai sanƙo a wasanninsu da ake ce wa stupidus, shi ke shan mari. Tsoffin wasannin kwaikwayon Indiya suna da Vidushaka, abokin jarumi mai kwaɗayi. A zamanin Haruna Rashid kuwa akwai Bahlul, wanda ake ɗauka mahaukaci, ana kuma ba da labarin yadda yake yi wa halifa hannunka mai sanda.

Da gaske ne wawan sarki yana faɗin abin da ya ga dama?

Yana da sarari, amma igiyarsa a hannun sarki take. Will Somers ya daɗe a fadar Henry na Takwas na Ingila, sarkin da ya sa aka fille kan matansa biyu, kuma ya ga bayan mulkin lafiya lau, sai a 1560 ya mutu. Archibald Armstrong kuwa, wanda ya yi wa James na Ɗaya da Charles na Ɗaya aiki, ya wuce gona da iri ya yi wa babban limamin cocin Ingila William Laud shaguɓe, aka tuɓe masa rigar wawa aka kore shi daga fada.

Akwai kuma wani ɓangare marar daɗin ji. Ba duka ne masu basirar magana ba. Waɗansu masu taɓin hankali ne ko naƙasa, aka ajiye su a gidajen manya ana dariyar halittarsu. Wannan ba fasaha ba ce, cin zali ne, kuma bai kamata hula mai ƙararrawa ta rufe mana ido a kansa ba.

Yaya aka yi ya bar fada ya koma dandali?

Ta Italiya aka bi. A ƙarni na 16 ƙungiyoyin 'yan wasa suka riƙa yawo gari-gari da wasan da ake kira komediya del arte, inda kowa ke da halin da aka san shi da shi: tsohon attajiri marowaci, malami mai surutun banza, sai barori da ake kira zanni. Cikin barorin nan Arlekino ya fi fice, mai riga faci-faci, riƙe da wata sanda ta falankai biyu da ke ba da ƙara tas idan an yi duka, ba tare da ta ji wa kowa ciwo ba. A Faransa wani baran ya rikiɗe ya zama Piyero, mai farar fuska da fararen kaya, wanda Jean-Gaspard Deburau ya shahara da shi a Paris ba tare da furta kalma ba.

Wanda ya haifi wawan dandali na zamani dai Joseph Grimaldi ne, ɗan Landan da aka haifa a 1778. Tun yana ɗan ƙaramin yaro aka hau da shi dandali. Shi ya ɗauki ɗan ƙaramin matsayin bara a wasannin Ingila ya mai da shi tauraro, ya shafa farin fenti a fuska, ya zana ja a kumatu da leɓe. Wasan da ya yi a gidan wasan Covent Garden na Landan a 1806 ya sa sunansa ya cika gari, har yau kuma a Ingila ana yi wa 'yan sana'ar laƙabi da Joey saboda shi. Sai dai jikinsa ne ya biya kuɗin. Tsalle da faɗuwa suka cinye masa gaɓoɓi, ya ajiye aiki a 1823 bai wuce shekara 45 ba, a wasansa na bankwana a 1828 kuwa a zaune kan kujera ya yi, don ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Matarsa ta fari wajen haihuwa ta mutu, ɗansa da ya gaje shi giya ta lalata shi ya riga uban mutuwa. Grimaldi ya cika a 1837. Duk watan Fabrairu 'yan sana'ar sukan taru a wani coci a gabashin Landan, cikin fentinsu da kayansu, don tunawa da shi.

Gidan da sana'ar ta zauna a ƙarshe shi ne sakas, wato wasan bajinta cikin fili mai da'ira. Philip Astley, tsohon sojan doki, ya fara shi a Landan a 1768 da wasan sukuwa, kuma faɗin da'irar, kimanin mita 13, ya zama ma'auni har yau. Tsakanin fitar wani doki da shigowar wani akwai giɓi, sai aka nemo masu ban dariya su cike shi.

Iri nawa ne?

Masu sana'ar sukan ce uku, amma biyun farko ba a fahimtarsu sai a tare.

Na fari shi ne farin-fuska, magajin Piyero da Grimaldi. Tsaf yake, riga mai ƙyalƙyali, hula mai tsini, gira guda a ɗage. Shi ne mai gida, mai ba da umarni, ba a watsa masa ruwa. Abokin tafiyarsa Ogust shi ne mai jan hancin: fuska ja-ja, fari kewaye da ido da baki, kaya ko sun yi masa yawa ko sun ɗame shi. Shi ke shan mari da bokitin ruwa. A bakin mutanen Berlin sunan yana nufin sakarai, ana kuma ba da labarin cewa wani Tom Belling ne ya yi tuntuɓe a sakas ɗin Renz 'yan kallo suka yi masa ihu da shi. Daɗin wasan yana cikin abin da ke tsakaninsu. Farin-fuska ya tsara abu da kyau, Ogust ya yi iya ƙoƙarinsa ya bi umarni, garin biyayyar kuma ya rushe komai. 'Yan kallo kullum suna bayan wanda ake mari. 'Yan'uwan nan uku, Fratellini, da suka yi tashe a Paris a shekarun 1920, sun sa wani a tsakiya, mai son ya zama mai gida alhali shi ma Ogust ne.

Cikin waɗanda suka kafa wannan tsari akwai George Foottit, Baturen Ingila, da Rafael, baƙar fata da aka haifa cikin bauta a Kuba, wanda aka laƙaba wa Chocolat. Daga shekarun 1890 Paris ta yi ta tururuwa zuwa kallonsu, kuma abin da ake kallo shi ne Bature yana marin baƙar fata kowane dare. Gwanintar Rafael ba ta da musu, amma dariyar ba ta rasa wariyar launin fata a cikinta. A Bordeaux ya mutu a 1917, cikin talauci.

Na uku ɗan Amurka ne, gantalalle mai tsumma, gemu buzu-buzu, baki a lanƙwashe ƙasa. Emmett Kelly ya yi fice da shi a shekarun 1930, lokacin da karayar tattalin arziki ta jefa miliyoyi cikin rashin aiki. Yakan ɗauki tsintsiya ya shiga share hasken fitila da aka haska a ƙasa, yana tattara shi, hasken na ƙanƙancewa har ya ɓace. Ba ya magana, ba ya murmushi. Ranar 6 ga Yuli, 1944, gobara ta tashi a tantin sakas a Hartford ta kashe mutum aƙalla 167, aka ɗauki hotonsa cikin fentinsa yana ɗauke da bokitin ruwa.

Duka a sakas suke?

A'a. A wasan hawan bijimai na Amurka akwai masu shigar wawa da aikinsu shi ne janye hankalin bijimi idan ya kayar da mahayi, su sa jikinsu a tsakani. A cikin 'yan asalin Amurka kuma abin ya haɗa da addini: heyoka na ƙabilar Lakota komai a juye yake yinsa, ya yi rawar ɗari cikin zafi, ya ce i yana nufin a'a, kuma ana girmama shi.

Ana iya satar fuskar wani?

Kwaikwayon fentin fuskar wani abin kunya ne a sana'ar. Tun shekarun 1940 wani mai suna Stan Bult ya fara zana fuskokin 'yan wasa a kan ƙwai, kuma ƙungiyar Clowns International ta ci gaba da ajiye irin wannan rajista a Ingila.

Me ya sa waɗansu ke tsoronsa?

Fuskar mutum ita ke gaya maka abin da ke ransa. Idan aka zana murmushi a kanta ya ƙi gushewa, ba ka san abin da ke ƙarƙashi ba, ga shi kuma mai ita ba ya bin ƙa'ida. Fentin ma don na nesa aka yi shi, wanda ke can ƙarshen tanti. A kusa ya yi yawa, musamman ga yaro. A 2008 masu bincike a Jami'ar Sheffield sun tambayi yara 250 game da adon bangon asibiti, suka tarar ba sa son hotunan wawayen dandali.

Sauran kuma ɗora masa aka yi. John Wayne Gacy, wanda aka kama a Amurka a 1978 bisa kisan samari da yara aƙalla 33, yakan yi shigar wawa a bukukuwa. Littafin ban tsoro na Stephen King na 1986, mai ɗauke da dodo cikin shigar wawa, ya ƙara wa wutar fetur. A 2016 aka yi ta rahoton masu sa irin shigar suna razana mutane, har kamfanin McDonald's ya rage fitar da nasa wawan. Mutanen da suka ba da rayuwarsu ga faranta ran yara su suka kwana a ciki, a kan laifin da ba nasu ba.

To sana'ar ta mutu ke nan?

Wuri ta sauya. Babban sakas ɗin Ringling na Amurka ya rufe a 2017 kafin ya dawo a 2023 da sabon salo, amma tun kafin nan waɗansu sun riga sun nufi inda aka fi bukatarsu. A 1986 Michael Christensen ya kafa rukunin masu ziyartar yara a asibitocin New York. A 1993 Tortell Poltrona, mutumin Kataloniya, ya yi wasa a sansanin 'yan gudun hijira a Kuroshiya, daga nan aka kafa ƙungiyar da ke kai wasa wuraren yaƙi da bala'i.

Na asibiti ya rage fentin sosai, sau da yawa jan hancin kaɗai ya bari. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya nemi izinin yaron kafin ya shiga. Yaron da aka yi wa allura ba a tambaye shi ba, aka ba shi magani ba a tambaye shi ba, yanzu ga wani babba yana jiran abin da zai ce. Idan ya ce a'a, wawan ya juya zai fita, ya lalubi ƙofa ya rasa, ya yi karo da bango, ya ba bangon haƙuri. Sau da yawa a nan ne yaron ke cewa ya dawo.