Ƙullutu ya motse ba ya nufin an warke: kada ku tsallake ranar kemo

Abu ɗaya muke ta gani a ɗakin masu ciwon daji a nan Abuja. Mace mai sankarar mama ta karɓi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, sau biyu ko uku, ƙullutun ya motse, sai ta daina zuwa asibiti. Bayan wata huɗu a dawo da ita ciwo ya kai hammata, wani lokaci har ƙashi. Ina aka je? Wai an ga sauƙi, ko an koma wajen mai maganin gargajiya.

Haba jama'a! Likita ya ce sau shida ko takwas, duk bayan kwana 21, ba don ya wahalar da ku ba ne. Ƙwayoyin sankara ba halinsu ɗaya ba. Zagayen farko yana kashe masu rauni, shi ya sa ƙullutun ke raguwa da wuri. Masu taurin kai ne ke saura: wasu suna fitar da maganin daga jikinsu kafin ya yi aiki, wasu suna gyara ɓarnar da ya yi musu. Manomin wake ya san wannan. Ya yi feshi sau ɗaya ya bari, ƙwarin da suka tsira su ne za su hayayyafa su cika gona. In kika ba da tazarar wata biyu, su kika ba fili. Ki dawo, jan maganin kemon nan mai suna doxorubicin da ya yi miki aiki a da, yana iya ƙin ci. Sai a koma wani, mai yiwuwa ya fi tsada.

Mun san da wuya, Hajiya. Amai, kasala, zubewar gashi, ga kuɗi. Gashi yana sake tsirowa. Amai akwai maganinsa, ki tambaya. Maigida, kai ma da kai nake, don sau da yawa kai ke cewa a dakata.

A yi gwajin jini kafin kowane zagaye. In jini ya yi ƙasa, likita ne zai ɗaga rana, ba ke ba. In zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, asibiti a daren nan. Kada a haɗa da jiƙo ko sassaƙe, suna iya taɓa hanta da ƙoda har a dakatar da kemon. In kuɗi ne ya yanke, ku faɗa tun kafin ranar ta zo. A Asibitin Ƙasa ku tambayi asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsara ta maza (prostate).