Mece Ce "Indomin Mota", Kuma Me Ya Sa Ake Rububinta?

Duk mai zuwa gareji a Kano ko Kaduna ko Abuja ya taɓa jin bakanike ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu ya ce, "Alhaji, indominka ce ta toshe, sai an fasa an zubar." Masu mota da yawa sukan ce a fasa ɗin, alhali ba su san abin da suka amince a raba su da shi ba. Ya kamata a sani, domin cikin kayan da ke ƙarƙashin mota kaf, da wuya a sami mai tsadarta.

Indomi wani gwangwanin ƙarfe ne da ke kan bututun salansa, tsakanin inji da tukunyar salansa ta baya. A wasu motocin tana manne da inji, daidai inda hayaƙi ke fitowa, a wasu kuma tana ƙasa, saitin kujerun gaba. Mota mai injin V6, wato mai silinda shida da aka raba ɓangare biyu, takan zo da biyu ko fiye. Idan aka yanka gwangwanin za a tarar da dunƙulen tangaran mai ɗauke da ƙananan ramuka da suka ratsa daga wannan baki zuwa wancan, kimanin 400 a kowane murabba'in inci. Kamar da dunƙulen ya yi da taliyar Indomie kafin a jefa ta a tukunya, ita ta sa makanikai suka laƙaba mata sunan. A takardun mota katalitik kwanbata ake kiranta, wasu kuma su ce katalis.

Aikinta shi ne sauya gubar da ke cikin hayaƙi kafin ya fita. Injin fetur yana fitar da abubuwa uku masu illa: iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce kuma take kashe iyalai idan suka kwana da janareto a cikin gida, sai ragowar fetur da bai gama ƙonewa ba, sai naitirojin oksaid mai fusata huhu da tayar wa masu asma ciwonsu. An shafe bangon ramukan nan da ƙarafa uku masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam. Da hayaƙi mai zafi ya gogi waɗannan ƙarafa, sai gubar ta rikiɗe ta koma tururin ruwa da naitirojin da kabon dayoksaid. Su ƙarafan ba sa ƙonewa, ba sa ƙarewa, hanzarta sauyin kawai suke yi. Saboda haka indomi ba matata ba ce da ke tara datti har ta cika. Mai tunanin cewa dole wata rana ta toshe don ta daɗe tana aiki, bai fahimce ta ba.

Ba ta fara aiki sai ta yi zafi, wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salsiyos, kuma a kan tafiya cikinta yakan kai 400 zuwa 800. Shi ya sa hayaƙin mota ya fi wari da sassafe lokacin da aka tayar da ita, shi ya sa kuma ɗumama mota a rufaffen gareji ganganci ne. Ajiye motar da ta sha tafiya a kan busasshiyar ciyawa lokacin hunturu ma yana iya tayar da gobara.

Amurka ce ta fara sa ta a yawancin motoci, daga ƙirar 1975, bayan dokar tsaftace iska ta 1970. Turai ta biyo baya a farkon shekarun 1990. Wannan ne ma ya tilasta aka fara cire dalma daga fetur, domin dalma tana lulluɓe ƙarafan nan ta kashe su. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da fetur mai dalma, a 2021. Don haka duk motar fetur ta Beljiyam da ta shigo ta Kwatano ko Legas, da indominta aka ƙera ta, ko ta iso da ita ko an zare ta a hanya.

Indomi ba ita kaɗai take aiki ba. Akwai sensa guda biyu masu auna iskar oksijin, ɗaya a gabanta, ɗaya a bayanta. Ta gaba ita ke gaya wa kwamfutar mota ko fetur ya yi yawa ko ya yi kaɗan, don a riƙe ma'aunin da inji ke so, wato kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Ta baya kuwa babban aikinta sa ido a kan indomin. Idan hayaƙin da ya fita bai bambanta da wanda ya shiga ba, sai kwamfuta ta kunna fitilar nan mai hoton inji a dashbod. In an sa na'urar sikanin, lambar da takan fito ita ce P0420, ko P0430 idan ɗaya ɓangaren injin V6 ne.

Abin da na fi so mai mota ya riƙe shi ne, indomi da wuya ta mutu don kanta. Kusan kullum akwai abin da ya kashe ta, kuma a inji yake. Mafi yawa fulogi ne ko koyil ya gaji, silinda ɗaya ta daina kama wuta sosai. Fetur ɗin da bai ƙone a inji ba sai ya gangara salansa ɗanye, ya tarar da tangaran mai zafi, ya kama da wuta a can. Zafin yakan wuce abin da tangaran zai jure, ya narke, ramukan su haɗe su toshe. Nozul mai ɗigar da fetur ma haka yake yi. Idan ka ga fitilar injin tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, to abin da ke faruwa ke nan a wannan lokacin, kuma kowace kilomita da ka ƙara tana cin indomin. Sai injin da ke shan baƙin mai saboda zobban fistin sun cinye: tokar man tana manne wa ƙarafan ta rufe su. Sai gaskit da ya ƙone, ruwan lagireto yana shiga silinda. Akwai kuma na hanya: tudun rage gudu da ya daki ƙasan mota ya farfasa tangaran, ko kutsawa cikin ruwan da ya kwanta a titi da damina, ƙarfe mai zafi ya haɗu da ruwan sanyi dunƙulen ya tsage.

Ke nan idan bakanike ya fasa indomi ya zubar ya tsaya nan, gawar ya ɗauke, ya bar makashin. Motar za ta sake numfashi, mai ita ya ji daɗi, amma fulogin da ya mutu yana nan yana zubar da fetur, injin da ke shan mai yana nan yana sha.

Alamun toshewa sanannu ne. Ka taka totur mota ta yi nauyi, ta kasa wuce wani gudu, ta riƙa nishi a hawa, inji ya yi zafi fiye da yadda ya saba, wani lokaci a ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Matsalar ita ce famfon fetur da ya raunana ko matatar fetur da ta cika su ma suna kashe wa mota ƙarfi haka. Don haka kafin a kira mai walda sai an gwada. Bakaniken da ya san aikinsa yakan kwance sensar gaba ya bar ramin a buɗe, don hayaƙi ya sami wata mafita, ya ɗan zaga da motar. Za ta yi ƙara, amma in ƙarfinta ya dawo, to lallai akwai toshewa a salansa. In bai dawo ba, a nemi cutar a wani wuri. Idan motar ta huce kuma, yakan buga gwangwanin da tafin hannu ya kasa kunne. In ya ji kacau-kacau a ciki, tangaran ya farfashe. Ita ma lambar P0420 ba hukunci ba ce. Sensar baya da ta lalace, ko ɗan huji a bututu kusa da ita, duk suna iya kawo ta.

Ana yawan gardama kan ko cire indomi yana sa mota shan mai. Gaskiya ba kowace mota ba ce, tunda sensar gaba ce ke riƙe da yawancin lissafin fetur. Amma akwai motocin da kwamfutarsu ke amfani da sensar baya wajen daidaita lissafin, kuma sau da yawa garin fasawa ana lalata sensar ko a yanke wayarta, daga nan shan mai ya tashi. Hasarar da ta fi damuna wata ce daban. Fitilar inji za ta kama ta ƙi mutuwa, mai mota ya saba da ganinta, wani ma ya sa a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin salatif. Ranar da wata cuta ta gaske ta taso, babu mai sanar da shi. Ga hayaƙin kuma. Wanda ke shaƙarsa ba wani na nesa ba ne: yaron da ke tallar ruwa a danja ne, da ɗan sahun da ke bayanka a cunkoso, da 'ya'yanka da ke kujerar baya idan bututun yana yoyo.

To me ya sa wasu ke saurin cewa a fasa? Saboda abin da ake cewa za a zubar ba ya zuwa bola. Ƙarafan da ke ciki giram ƙalilan ne, amma tsadarsu ta wuce misali. A watan Maris na 2021 oza ɗaya na rodiyam, wato kimanin giram 31, ya kai kusan dala 29,000, lokacin da zinariya ke wajen dala 1,700. Farashin ya sauko sosai daga baya, amma har yanzu akwai masu bin gareji-gareji suna sayen dunƙulen ko garinsa, a tara a fitar waje a tace. Afirka ta Kudu ce ke haƙo mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya, ita da Rasha kuma su ne manya a faladiyam. A Ingila da Amurka ɓarayi kan shiga ƙarƙashin mota da zarto su yanke ta cikin 'yan mintoci, sun fi kuma farautar Toyota Prius. A nan salon daban ne: a buɗe gwangwanin, a kwashe cikin, a mayar a yi walda, mai mota ya tafi da fanko bai sani ba. Ba duk makanikai ke wannan ba, da yawansu ma su ne ke jan hankalin mai mota ya tsaya a kan kayansa.

Mai sayen mota ta hannu ya sa a ɗaga ta ko a hau da ita rami ya duba da idonsa. Sabon layin walda a jikin gwangwanin, ko guntun bututu miƙaƙƙe a inda ya kamata a ga kumburi, alama ce an taɓa wurin. Ya kuma murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya tabbatar fitilar inji ta kama tare da sauran. In ba ta kama ba, an kashe ta ne da gangan.

Idan kuwa gwaji ya nuna taka ta narke da gaske, fara da gyara abin da ya narkar da ita, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi sahu. Sannan a nemo wata a kasuwar kayan mota, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, a haska tocila ta wannan baki a ga haske ya ratsa ramukan ta ɗaya bakin kafin a biya. Tsohuwar kuma taka ce ko da ta farfashe. Ka sa a cire ta a gabanka, ka sayar da kanka, kuɗin ya rage maka tsadar wadda za ka saya.