Harara-garke: me ke karkatar da ido?

Harara-garke shi ne sunan da Bahaushe ya ba wanda idanunsa biyu ba sa kallon wuri guda: ɗaya yana kanka, ɗayan ya nufi hanci ko kunne, kamar makiyayin da ke magana da kai yana hararar garkensa. A Tawa da Yamai mutane da yawa suna cewa halitta ce, a bar ta. Alhali sau da yawa ƙwayar idon lafiyarta lau, abin da ke juya ta ne ya samu matsala.

Kowane ido yana da tsokoki 6 da ke jansa kamar linzami. Jijiyoyi 3 ne suke ba su umarni, daga cikin 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, kuma da lamba likitoci suke kiransu. Ta 6 tsoka guda take riƙe da ita, mai jan ido zuwa gefen kunne. In ta raunana sai ido ya koma wajen hanci. Ta 4 ma tsoka guda take riƙe da ita, mai taya ido duban ƙasa. Wanda tasa ta raunana yana shan wuya wajen karatu da saukowa daga bene, za ka gan shi yana karkata kai gefe guda don gani ya daidaita. Ta 3 ita ce mai babban kaya: sauran tsokoki 4, da ɗaga fatar ido, da tsuke baƙin ɗigon tsakiyar ido idan haske ya yi yawa.

Abin da kowane ido ya ɗauka yana bin jijiyar gani, kusan rabin zarenta ya tsallaka ɗaya ɓangaren a ƙasan ƙwaƙwalwa, ya zarce har ƙeya, inda hotuna biyun suke haɗuwa su zama ɗaya. In ido guda ya kauce, ba su haɗuwa.

Shi ya sa babban da idonsa ya karkace farat ɗaya yake ganin abu biyu-biyu. Ya rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. In duk idon da ya rufe hotunan biyu sun koma ɗaya, tsoka ce ko jijiya. In ba su koma ba, a duba idon kansa, kamar yanar ido. A wajen manya, ciwon suga da hawan jini sukan toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar, kuma yawanci tana farfaɗowa cikin wata 3 ko kusa da haka. Amma akwai alamu biyu da ba a kwana da su a gida. Fatar ido ta faɗo, baƙin ɗigon ya buɗe, ga ciwon kai mai tsanani: mai yiwuwa jijiyar jini ce ta kumbura tana danne jijiya ta 3, tana iya fashewa, sai an yi hoton kai da gaggawa. Alama ta biyu kuwa, karkacewar ido tare da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman da rani lokacin sanƙarau, don jijiya ta 6 doguwar hanya take bi cikin ƙoƙon kai, matsi kaɗan ke taɓa ta.

Na yaro ya fi ban tausayi, don ba ya kuka da komai. Ƙwaƙwalwarsa tana watsar da hoton idon da ya karkace, a hankali idon ya rasa ƙarfin gani ko da babu ciwo a cikinsa. Jariri yakan ɗan karkatar da ido jefi-jefi a watannin farko, amma in abin ya wuce wata 4, ko idon kullum a karkace yake, ko an hango fari a tsakiyarsa, a kai shi sashen ido. Wani tabarau kawai yake buƙata. Wani a riƙa rufe masa lafiyayyen idon na wasu awanni kullum don raunannen ya yi aiki, wani kuma sai an yi wa tsokar tiyata. Maganin ya fi ci kafin shekara 7. Bayan nan tiyata tana miƙe ido, amma ganin da ya tafi da wuya ya dawo duka.